Kunne na uku: tarihin mai saurare tsakaninmu da wayarmu

Kalmar "waya" ta girmi salula nesa ba kusa ba. Asalinta zaren ƙarfe ne da Turawa suka ja bisa turaku daga bariki zuwa bariki don aika saƙon tangaraho, shi ya sa har gobe muke cewa gidan waya. Wanda ya je aika irin wannan saƙo ba shi da abin ɓoyewa, domin sai ma'aikaci ya ƙirga kalmomin ɗaya bayan ɗaya kafin ya yanke masa kuɗi, a can ɗaya gefen kuma wani ma'aikacin ne zai rubuta ya miƙa. Ashe tun ranar farko akwai kunne na uku tsakanin mai magana da wanda ake yi wa maganar. Ina so mu bi sawun wannan kunne a ƙasarmu, domin mu malamai da iyaye muna miƙa wa yara waya kullum, ba tare da mun gaya musu wa ke zaune a tsakani ba.

A zamanin Faransawa, kunnen kumandan mutane ne: tafinta, ɗan gadi, ɗan rahoto a kasuwa da fadar sarki. Damagaram ta ga abin da rahoto ke iya yi. A 1906 aka kai wa Turawa labarin cewa ana ƙulla musu tawaye, suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa, suka kai shi zaman dole Kodebuwa, masarautar ta yi shekaru babu cikakken sarki. Ban da ƴan rahoto, gwamnatin mulkin mallaka a yammacin Afirka takan buɗe wa manyan malaman addini takardar bayani, kowa da tasa. A ciki ake rubuta sunan malami, wurin wa ya yi karatu, ɗariƙarsa, yawan almajiransa, garuruwan da yake zuwa, da baƙin da ke sauka gidansa. A lura da kyau, ba lallai kumandan ya ji abin da malam ya faɗa a zaure ba. Sanin da wa yake hulɗa da inda yake tafiya ya ishe shi. Za mu sake haɗuwa da wannan takarda nan gaba, cikin wata sabuwar riga.

Talaka kuwa nasa kunnen na uku a gida yake. Na tashi na tarar wasiƙar ɗan ci-rani daga Abidjan ko Legas ko Kumasi ba ta karantuwa sai an kira ɗan lekol ko malamin unguwa. Yaro ɗan shekara 12 sai ya san wa ya aiko da jika nawa, wa ake bi bashi, wace mata aka ce ta koma gidansu. Da kaset ya zo, sai mutum ya naɗi muryarsa ya ba direba, a gida a taru a tsakar gida a saurara. Mai aikawa ya san haka, saboda haka yakan auna maganarsa, abin da ya fi nauyi ya bar shi a bakin amintaccen manzo. Shi ma yaron da ke karatu akan ja masa kunne cewa amana aka ba shi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. An san fuskarsa, an san gidansu, in magana ta fita an san ƙofar da za a buga.

Bayan samun ƴancin kai kunnen hukuma bai toshe ba. Waɗanda suka yi wayo a zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ba su manta da ofishin ƴan leƙen asirin da ake kira Coordination ba. Mutane suka koyi waiwaye kafin su buɗe baki a tasha ko a wurin mai shayi. Wanda aka fi dangantawa da wannan aiki shi ne Amadou Oumarou, da aka fi sani da Bonkano, na hannun daman shugaban. A watan Oktoban 1983, Kountché yana taro a Faransa, wannan Bonkano ɗin ne ya shiga yunƙurin kifar da shi, da abin ya ci tura ya gudu ya bar ƙasar. Wanda ya tara asirin jama'a domin maigida yana iya juya shi kan maigidan. Sai a Taron Ƙasa na 1991 ne mutane da yawa suka samu bakin faɗin abin da ya same su. Amma duk tsoron da ake ji, wancan kunnen na ɗan Adam ne. Yana barci, yana mantuwa, ba ya iya zama a gari biyu lokaci guda, takardunsa kuma gara na iya ci.

Sai salula ta shigo. Kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain sannan Airtel, ya fara aiki a Nijar a 2001, wasu suka biyo baya, Orange ta zo a 2008. Babu mai musun alherin da aka samu. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsinmu tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa inda rezo ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Uwa ta ji muryar ɗanta daga Libiya ba tare da ɗan lekol a tsakani ba. Nan ne muka ɗauka kunne na uku ya tafi, tunda wayar na manne da kunnenmu mu kaɗai.

Bai tafi ba, ɓuya ya yi. Muddin waya na kunne, tana sanar da eriyar da ke kusa da ita cewa ga ta nan, in ba haka ba kira ba zai same ta ba. Kamfani kuma yana ajiye lissafin wace lamba ta kira wace, a wace rana, ƙarfe nawa, minti nawa, daga wace eriya. Wannan ita ce takardar bayanin da kumandan ke buɗe wa malamai, sai dai yanzu kowa na da tasa, kuma shi da kansa yake cika ta dare da rana. Ko WhatsApp, da ya kulle saƙonni tun 2016 ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗewa, ya san lambar da ta yi hulɗa da wata da lokacin da aka yi.

Da farko layin waya ba shi da suna, a bakin titi ake saye kamar goro. Daga baya gwamnati ta wajabta rajista da katin ɗan ƙasa, a watan Nuwamban 2013 aka rufe layuka wajen miliyan 1.7 da ba a yi wa rajista ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar a lokacin. Daga ranar lamba ta zama mutum. Dokoki suka biyo baya. A 2017 aka yi dokar kare bayanan mutane, aka tanadi hukumar HAPDP don ta tsaya a kanta. A 2019 aka yi dokar laifukan intanet, wadda aka gurfanar da ƴan jarida da ƴan farar hula a ƙarƙashinta saboda abin da suka rubuta ko suka tura. A ƙarshen watan Mayun 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraren sadarwar mutane saboda tsaro, ƴan adawa suka fice daga zauren. Babban ƙorafinsu shi ne izinin sauraren yana hannun shugaban ƙasa, ba hannun alƙali ba, alhali tsarin mulkin 2010 ya tanadi cewa sirrin wasiƙa da sadarwa abin kiyayewa ne. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021 aka katse intanet ɗin salula kwana 10. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, a watan Yunin 2024 aka maido da shi.

Ba zan ce hukuma ba ta da hujja ba. Mutanen Madarunfa da Gidan Runji sun san da waya masu satar mutane ke neman kuɗin fansa, mutanen Diffa da Tillaberi sun san da ita ake shirya hari. Uban da aka ɗauke wa ɗa zai so a bi sawun lambar da ta kira shi, kuma yana da gaskiya. Abin da tarihi ke tambaya shi ne wa ke ba da izini, wa ke duba mai dubawa, kuma ina bayanin ke zuwa in mulki ya canja hannu. Gwamnatoci nawa aka yi a Yamai daga 2001 zuwa yau? Kowace ta gaji kayan aikin wadda ta gabace ta. A Togo ma, masu binciken Citizen Lab sun bayyana a 2020 cewa an auna wayoyin masu sukar gwamnati da manhajar leƙen asiri ta Pegasus, har da ta wani babban limamin cocin Katolika.

Duk da haka, a ganina kunnen da ya fi cutar da yaranmu ba a Yamai yake ba, a unguwa yake. Shi ne mai cajin waya da ake bar wa ita tun safe babu lambar sirri. Shi ne mai gyara, da mai tura waƙoƙi da finafinai a katin memori, wanda hotunan gida duka ke wucewa ta kwamfutarsa. Shi ne wanda ake miƙa wa waya ya karanta saƙon kuɗi, har a gaya masa lambar sirrin. Shi ne rukunin WhatsApp mai mutum 200, inda yarinya ke tura saƙon murya tana zaton da ƙawarta take magana. Na san gidan da aka fasa aure saboda hoto guda da ya fita daga wayar da aka kai gyara, har yau ba a san hannun da ya fitar da shi ba. Da can magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, amma aƙalla iska na ɗauke ta. Yanzu tana zaune da muryar mai ita, ana iya sake kunna ta bayan shekara 10.

Mu malamai ma muna cikin masu riƙe da asirin wasu. Sakamakon jarrabawa, takardar haihuwa, hoton ɗalibin da aka hukunta, duk suna yawo a rukunin iyaye da na ma'aikata. Kafin malami ya tura irin wannan, ya kamata ya tambayi kansa ko zai yarda a liƙa shi a ƙofar kasuwa. Iyaye kuma kada mu ba wani katinmu ya yi rajistar layi, domin duk abin da aka aikata da lambar, ƙofarmu za a buga. In za a kai waya gyara, a cire katin memori da layin, a tsaya a kai in da hali.

Saura maganar duba wayar yaro. Uba da uwa na da haƙƙin sanin abin da ɗansu ke yi, musamman ƙarami. Amma akwai bambanci tsakanin uban da ya ce "zo mu duba tare, ga dalilina" da wanda ke lallaɓawa cikin dare ko ya sa ƙane ya zama ɗan rahoto. Zamanin Coordination ya nuna mana abin da leƙe a ɓoye ke haifarwa: mutane ba su daina magana ba, sun dai koyi ɓoye ta. Yaron da ya gane ana leƙensa zai samu layi na biyu, ya ajiye a gidan aboki, ranar da wani ya tsorata shi da hotonsa kuma ba zai zo wurinmu ba. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, al'adarmu kuma ta gina zaure don baƙo ya tsaya ya yi sallama.

Shawarata ga malamai ita ce a ware darasi ko guda a shekara, a ba yara wannan tarihi tun daga tangaraho. A sa su tambayi kakanninsu wa ke karanta musu wasiƙa, da abin da ba su yarda su sa a kaset ba. Sannan a sa kowane yaro ya lissafa, daga bakinsa zuwa kunnen abokinsa, hannu nawa saƙonsa ke bi, kuma a cikinsu guda nawa ya san fuskarsu.