Kwallin Tsaraba

Kuna ta tambayata abin da ya kai ni karatun dokar muhalli. To, kwalli ne.

Tun muna yara, alhaji ba ya dawowa daga Makka babu kwalli a tsarabarsa. Sai da na zo nan na karanta cewa an gwada kwallin kasuwannin Saudiyya, aka tarar da yawansa dutsen dalma ne aka niƙa. Dalmar nan ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, wajen haƙar zinariya. A 2011 kuma likitocin Boston suka gano ta a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, tozalinsa fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Dokar Amurka ta hana shigo da kwalli.

Hajiya, don Allah a daina sa wa jinjirin Yaya.