Yadda Na'ura Ta Zama Shaida a Filin Kurket

Mutumin Gaya, wanda Malanbil ke kallonsa daga tsallaken kogin Kwara, Kamba kuma ke jiransa a kan hanyar Nijeriya, bai gaji wasan kurket ba, domin rabon ƙasa da Turawa suka yi ya jefa shi cikin kason Faransa, su kuwa Faransawa babu ruwansu da wannan wasa. Amma 'yan'uwansa da suka faɗa hannun Ingila sun san shi tun zamanin Kwalejin Katsina, inda Ahmadu Bello ya buga shi yana ɗalibi, kafin sarautar Sardauna ta zo masa. Duk da haka labarin yadda na'ura ta shiga wasan ya cancanci a ji shi a Gaya, domin asalinsa mas'ala ce ta shari'a, wato ta alƙali da shaida da ɗaukaka ƙara.

Tun da aka rubuta dokokin wasan a Ingila a 1744 har zuwa shigowar na'ura, maganar alƙalin fili ita ce yankakkiya. Idan ya ɗaga yatsa, mai bugu ya saɓa sandarsa ya fita, ko da kuwa ya tabbata a ransa an zalunce shi, kuma ana lissafa wannan haƙuri cikin ladabin wasan. Alhali abin da aka ɗora wa alƙalin ya kusa fin ƙarfin ɗan Adam, musamman bayan dokar 1774 da ta haramta tare ƙwallo da ƙafa a gaban turakan da mai bugu ke karewa, gama a nan ana bukatar ya yi hukunci a kan abin da bai auku ba: shin da ƙafar ba ta tare ba, da ƙwallon ya bugi turke? Wannan kuwa zato ne tsantsa, sai dai an tufatar da shi rigar yaƙini.

Talabijin ce ta tona asirin. Tun 1938 BBC ta fara nuna wasan daga filin Lord's na Landan, kuma da aka ƙware wajen maimaita hoto a hankali, sai ya zamana mai zaune a ɗakinsa yana ganin kuskuren da alƙali bai gani ba, alƙalin nan kuwa shi kaɗai ne a duniya aka hana wa duban hoton. Ga kuma zargin son kai, tun da a wancan lokaci kowace ƙasa 'ya'yanta take naɗawa su yi alƙalanci a gidanta, har Imran Khan, kyaftin ɗin 'yan wasan Fakistan a lokacin, ya sa aka gayyato alƙalai biyu daga Indiya zuwa Fakistan a 1986 don ya kashe bakin tsanya. A watan Nuwamba na 1992, a birnin Durban, aka zaunar da alƙali na uku a gaban akwatin talabijin, kuma wanda hukuncinsa ya fara faɗa wa shi ne Sachin Tendulkar na Indiya, da hoto ya nuna an karya turakansa kafin ya kai layi.

Daga nan ƙofa ta buɗe, kuma abin lura shi ne yawancin na'urorin gidajen talabijin ne suka shigo da su don nishaɗin masu kallo, hukumar wasan ta biyo baya tana jan ƙafa. A 1999 aka kawo na'ura mai sauraren ƙarar gogar ƙwallo da sanda. A 2001 Hawk-Eye ta Paul Hawkins, wadda ke haɗa hotunan kyamarori shida ko fiye ta zana hanyar da ƙwallon zai bi da ba a tare shi ba. A 2006 kuma, a Ostireliya, Hot Spot, mai nuna ɗan farin tabo na zafi a daidai inda ƙwallo ya shafa.

Babban sauyi ya zo a 2008 a Kolombo, lokacin da aka bai wa 'yan wasa kansu ikon ɗaukaka ƙara: cikin 'yan daƙiƙoƙi mai ƙorafi ya gicciya hannu ɗaya bisa ɗaya, sai a koma ga hoto. Indiya, wadda da ita aka yi wannan gwaji kuma ya yi mata ɗaci, ta ƙi amincewa da tsarin sai a 2016.

Amma hukumar ba ta miƙa wa na'ura gadon alƙalanci ba, kuma a ganina ta yi daidai. Idan lissafi ya nuna ƙasa da rabin ƙwallon ne zai taɓa turke, hukuncin alƙalin fili ne ke tabbata, ko ya ce a fita ko ya ce a zauna, saboda an san zanen na'urar shi ma ƙiyasi ne mai ɗauke da shubuha. Ɗalibin fiƙihu zai gane wannan nan take, domin a wurinsa ma hukuncin da ya riga ya tabbata ba a warware shi da bayyinar da ba ta cika ba. Masu suka suna cewa hakan na sa jifa iri ɗaya ya haifi hukunci biyu, kuma gardamar tana nan har yanzu. Tsadar kayan kuwa ta sa ba a ganinsu sai a manyan gasanni, don haka a yawancin wasannin da ake bugawa a Legas da Abuja ba a ɗaukaka ƙara zuwa ko'ina.