Satar kuɗin dole a wasan poka

Satar kuɗin dole wata dabara ce a wasan karta na poka, musamman nau'in Texas hold'em. Kafin a raba karta, mutum biyu da ke hagun mai rabo sai sun zuba kuɗi tilas, na farko ƙarami, na biyu yawanci ninkinsa. Idan duk waɗanda suka riga shi sun ajiye kartarsu, ɗan wasan da ke kujerar mai rabo, ko ta damansa, yakan ƙara kuɗi ko da kartarsa ba ta da ƙarfi, da fatan waɗancan biyun su janye ya kwashe abin da ke tsakiya.

Lissafin a fili yake. Wanda ya zuba ninki 2.5 na babban kuɗin dole don ya ci ninki 1.5, wato ƙaramin da babban a haɗe, yana bukatar su janye a kashi 62.5 cikin 100 na lokuta kafin ya mai da kuɗinsa. Shi ya sa sanin halin abokan wasa ya fi kyan karta muhimmanci a nan. Mai tsoro, wanda ba ya shiga sai da babbar karta, shi ake nema. Mai yawan ramawa da ƙarin kuɗi kuwa a ƙyale shi, haka ma wanda kuɗinsa ya kusa ƙarewa, don yana iya tura ragowar gaba ɗaya.

Dabarar ta fi tasiri a gasa, irin babbar gasar poka ta duniya da aka fara a Las Vegas ta Amurka a 1970, inda kuɗin dole ke hauhawa yana cin mai zaman jira.