Sassabin Zamani: Tarihin Komawar Itatuwa Gonakin Ƙasar Maraɗi

A Hausar manoma, sassabe shi ne aikin da akan fara da shi kafin damina, watau a bi gona da gatari da adda a sare duk abin da ya tofo, a tara, a cinna masa wuta, har gona ta fito fes tana jiran ruwan shuka. Manomin da aka ga sabara da kalgo tsaye a gonarsa bayan an yi sassabe, rago ake ɗaukarsa. To amma daga tsakiyar shekarun 1980 wata sabuwar magana ta shiga bakin mutanen Maraɗi, ita ce "sassabin zamani", wadda ma'anarta ta kusa zama kishiyar ta farko: a shiga gona da adda, amma a bar itace ya tashi. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda aka zo ga wannan sauyi, domin a cikinsa akwai bayanin abin da ya sa talakawa suka iya aikin da ya gagari hukuma.

Barin itace a gona tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Kuka da tsamiya da ɗorawa da aduwa duk suna da masu su, ana kuwa gādonsu kamar yadda ake gādon gona. Gawo ya fi su daraja wajen manomi, saboda ɗabi'arsa ta zubar da ganye da damina, lokacin da gero yake bukatar rana, sa'an nan ya yi kore da rani, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Har yanzu ana ba da labari a Damagaram cewa wani sarkinsu na ƙarni na 19 ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Abin lura shi ne, a wancan zamani daji yana da yawa, mutane kaɗan ne, kuma yaƙe-yaƙen da ke tsakanin Katsinawan Maraɗi da Daular Sakkwato sun tattara jama'a kusa da gulbi da garuruwa masu ganuwa. Gona in ta gaji sai a bar ta saura, ta huta shekaru, daji ya maye ta.

Zuwan Faransawa ya rushe wannan tsari ta fuska biyu. Da yaƙi ya ƙare, mutane suka bazu arewa suna saran daji suna kafa ƙauyuka, haraji da kasuwar gyaɗa suka ƙara musu ƙaimi. Bayan samun mulkin kai a 1960 ma gyaɗa ce jigon arzikin Nijar, kuma malaman gona sun riƙa koyar da cewa gonar zamani ita ce wadda aka tumɓuke kututturanta domin garmar shanu ta wuce. Fuska ta biyu ita ce doka. A 1935 gwamnatin Faransa ta fitar da dokar daji ta yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma, wadda ta sa daji da wasu nau'o'in itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma. Dokar daji ta Nijar ta 1974 ta bi sawunta. Gawon da ke tsakiyar gonar mutum, wanda ubansa ya bari, ya zama ba shi da ikon sare reshensa sai da takardar izini, in kuwa ma'aikacin daji ya tarar da sara, tara ce, ko da wani ne ya yi saran da dare.

A nan ne dokar ta haifi abin da aka yi ta domin hanawa. Manomi ya duba ya ga itacen da ya girma a gonarsa ba nasa ba ne, kuma shi ne zai jawo masa tara, sai ya gwammace ya kashe shi tun yana tofo. Masu tsara dokar sun ɗauki talaka a matsayin abokin gābar daji, shi kuma ya ɗauki itace a matsayin tarko.

Sakamakon ya bayyana a farin 1973 da 1974, wanda yunwarsa tana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kunce ya hamɓarar da Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. Gonaki sun zama fili fetal, iska tana kwasar rairayi ta binne shuka, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen girki, in babu su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama taki. Maganin da hukuma da ƙungiyoyin waje suka kawo shi ne dashe: a reni itatuwan baƙi irin su dogon yaro da turare, a dasa, a kewaye da waya. Wani wuri abin ya yi kyau, alal misali layukan kare iska da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a kwarin Majiya a 1975. Amma a galibin wurare dashen mutuwa ya yi, don ba wanda zai ɗauki ruwa da rani ya kai wa itacen gwamnati, ko ya kori akuya daga kansa.

A 1983 ne wani ma'aikacin mishan ta SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda shi ma dashen ya ba shi kashi, ya lura da cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace shekara tofo ne daga kututturan manyan itatuwa waɗanda saiwarsu take raye a ƙarƙashin ƙasa. Ashe dajin bai mutu ba, hana shi tashi ake yi. Dabarar kuwa ba ta bukatar kuɗi: a zaɓi tofo ɗaya ko 'yan kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, a sare sauran, a rage ƙananan rassa, a kiyaye. Da yake saiwar ta riga ta kai ga laima, cikin 'yan shekaru sai ga itace.

Shekarar 1984 ta zo da fari da yunwar da mutanen Nijar suka laƙaba wa suna "El-Buhari", saboda ta zo daidai da rufe kan iyakar Nijeriya da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi. Mishan ta raba abinci a ƙauyuka kusan ɗari bisa sharaɗin a bar itatuwa a gona. Yadda Rinaudo kansa ya bayyana, da rabon abinci ya ƙare sai aka sare kimanin kashi biyu bisa uku na itatuwan. Wannan gaɓa ce masu ba da labarin sukan tsallake, alhali ita ce ta fi koyarwa. Abin da aka yi don tiyar hatsi ya tafi tare da tiyar. Waɗanda suka bar nasu, waɗanda maƙwabta suka yi wa dariya, su ne suka ga shukarsu ta tsira daga iska, suka sami itacen girki da na rufin ɗaki da na sayarwa. Daga gare su abin ya yaɗu, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, ɗan ci-rani ya kai labari garinsu. A wannan shekarar kuma aka yi babban taro kan kwararowar hamada a Maraɗi, inda hukuma ta yarda a baki cewa sai da hannun jama'a. Amma abin da ya fi taron tasiri shi ne raunin da ya sami gwamnati bayan rasuwar Kunce a 1987: kuɗi ya yi ƙaranci, ma'aikatan daji suka rage yawo a ƙauyuka, manomi ya fara ɗaukar itacen gonarsa a matsayin nasa tun doka ba ta ce haka ba.

Saura matsalar sata da kiwo. Gona da rani ta kowa ce a al'ada, makiyayi ya shiga ya sassaɓo reshe, mai neman itace ya sara. A nan ƙauyuka suka yi nasu tsari. Wanda aka fi ambato shi ne na Ɗan Saga a yankin Agye, inda aka kafa kwamitocin tsaro da suka haɗa manoma da mata da Fulani makiyaya, suka sa dokokinsu da tararsu. Shigar da mata da Fulani dabara ce ta dole, domin mace ce take neman itace, makiyayi ne yake bukatar ganye, kuma duk dokar da aka yi ba da su ba, su ne za su fara karya ta.

Binciken da Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale suka fitar a 2009, bisa hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, ya kimanta cewa abin ya game hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara. Kimantawa ce, kuma ruwan sama ya ɗan ƙaru bayan shekarun fari, wanda ya taimaka. Sai dai an ga itatuwan sun fi yawa inda mutane suka fi yawa, alhali ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7.2 a Nijar, ta 2012 kuwa miliyan 17.1. Wannan ya saɓa wa tsohon zaton cewa yawan jama'a shi kaɗai ne yake cinye daji.

Itace bai kawar da yunwa ba. A ƙarancin abinci na 2005 jihar Maraɗi tana cikin inda tamowa ta fi kama yara. Abin da aka shaida shi ne mai itace yana da abin sayarwa ya sayi hatsi kafin ya kai ga sayar da akuyarsa ko jinginar da gonarsa, wanda ba shi da gona kuwa, ko matar da aron gamana aka ba ta, rabonsu ƙanƙane ne. Ita doka a baya ta biyo: dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 sun sassauta, amma sai a 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa, shekara talatin da bakwai bayan an fara barin tofon kalgo a ƙauyukan Maraɗi.