Fijo 504 mai ƙofa biyu: hannun Italiya a cikin motar da ta yi mana dakon auduga

Jama'a, ranar kasuwa na ga wata tsohuwar Fijo 504 doguwa ta taso daga wajen Bakori za ta shiga Funtua, an lafta mata buhunan masara har bayanta na neman taɓa ƙasa, amma tana tafiya abinta. Wani yaro da ke kusa da ni ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan akwalar har yanzu ba ta mutu ba?" Na ce masa, yaro, da ka san 'yar gidan su wa ce, da ba ka raina ta ba. Shi ya sa na ce bari yau mu ɗan huta da maganar siyasa, mu waiwayi tarihin wannan mota da wata ƙanwarta mai ƙofa biyu wadda da yawanmu ba mu taɓa gani ba.

Kowa ya san Fijo motar Faransa ce. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, waɗanda suka zana jikinta 'yan Italiya ne. Akwai wani gida a birnin Turin mai suna Pininfarina, wanda Battista Farina ya kafa a 1930. Sana'arsu ita ce yi wa mota jiki, kamar yadda za ka kai wa tela yadi ya fitar maka da ɗinki. Kamfani ya kawo inji da ƙashin mota, su kuma su yi mata siffa. A 1947 suka fitar da wata ƙaramar motar tsere mai ƙofa biyu, Cisitalia 202. Kafin ita, yawancin motoci kamar an harhaɗa su suke: fitila daban, murfin taya daban, gaba daban. Ita kuwa an yi ta sumul tun daga hanci har wutsiya. Don kyanta, a 1951 aka baje ta a wani babban gidan adana zane-zanen zamani da ke New York, kuma har gobe ana ambatonta idan ana maganar tushen siffar motocin zamani.

Wannan gidan ne dai ya daɗe yana zana wa Ferrari motoci. Shi ne kuma ya zana Fijo 403 ta 1955, da 404 ta 1960 wadda iyayenmu suka sani, sannan 504 da ta fito a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Cikin masu zanen 504 akwai Aldo Brovarone, mutumin da ya zana Dino, ɗaya daga cikin motocin gidan Ferrari da ake ji da su. Ke nan hannun da ya zana wa attajiran Turai motar ƙawa, shi ya zana wadda muke cusa mutum tara a ciki daga Malumfashi zuwa Kano.

A 1969, a bajekolin motoci na Geneva, aka fito da ƙanwar da nake magana, 504 mai ƙofa biyu. Ita wannan ba zane kaɗai Italiya ta yi mata ba, a can Turin ake ƙera jikinta. An rage mata tsawo, an kwantar da rufinta, an miƙar da hancinta, gilashin baya ya gangara a hankali. In ka ajiye ta gefen tamu ta tasha, da ƙyar za ka yarda uwa ɗaya uba ɗaya suke, alhali a ƙarƙashi kayan kusan iri ɗaya ne. A 1974 aka sa mata babban inji mai silinda shida, aka ci gaba da yin ta har 1983. Ba a yi ta da yawa ba, shi ya sa yau masu tara tsofaffin motoci a Turai ke rububinta.

To me ya sa ake kwantar da rufin mota? Ba don ado kaɗai ba ne. Duk wanda ya taɓa miƙa hannu ta taga mota na gudu ya san iska tana da ƙarfi. Ƙa'idar ita ce, in ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska sau huɗu take ninkuwa. Mota mai faɗin gaba sai ta yi ta kokawa da iska tana shan mai, mai sumul ɗin jiki kuwa ratsawa take yi. Saboda wannan ne Pininfarina suka gina wani ƙaton ɗakin gwaji a 1972, inda ake sa mota a tsaye a hura mata iska a auna turjiyarta. Direbobinmu sun san wannan ilimi ko da ba su karanta shi ba. Tambayi duk wanda ya taɓa ɗaure kaya a saman rufi, zai gaya maka yadda mai ke zurarewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, wannan lissafi ya shiga aljihun kowa.

Kada kuma a ɗauka 'yar gayun ba ta san wahala ba. A 1975 wata 504 mai ƙofa huɗu ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ake yi cikin ƙura da taɓo da duwatsu. A 1978 mai ƙofa biyun ta lashe shi, Jean-Pierre Nicolas na tuƙi, kuma a shekarar ya sake cin tseren Bandama na ƙasar Kwaddebuwa da ita. Abin da ya sa mutane ke sonta ke nan: ga kyan Italiya, ga juriyar da hanyoyin Afirka suka tabbatar.

Mu dawo gida. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. A daidai wannan lokaci ne aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Najeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Auduga na da daraja, injinan gurza na aiki a Funtua da Malumfashi, masaƙun Kaduna na jiran kaya. Gwamnatin Obasanjo ta soja ta mai da Fijo motar jami'an gwamnati. Malamin gona, alƙali, hakimi, ɗan kasuwar da ya sayar da auduga ya ga riba, duk burinsu 504 ne. Ita kuma 404 mai buɗaɗɗen baya ta zama jakin kasuwannin ƙauye. Mai ƙofa biyun ba ta zama tamu ba, kuma dalili a fili yake. Mai iyali da buhuna me zai yi da motar da kujerar bayanta ko yara biyu sai sun matsu?

Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta fara faɗuwa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika gari. Duk da haka Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina yin ta. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, manomin auduga ya koma masara da waken suya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, shekara talatin muna ɗaura wa wannan mota taya da ƙofa, amma ba mu tsaya mun koyi zanen ba. Pininfarina ƙaramin gidan maƙera jikin mota ne lokacin da ya fara. Mu ma muna da masu hannu. Je garejin Funtua ka ga yadda mai gyaran jikin mota ke miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe da guduma da ido kawai, ko yadda ake gina bodin babbar mota daga ƙashi. Yanzu da aka sake fara harhaɗa Fijo a Kaduna tun 2022 da jarin Dangote, tambayar da ya kamata wakilanmu su riƙa yi ita ce, yara nawa daga makarantun koyon sana'a na Katsina za a ɗauka a koya musu zane da gwaji, ba ɗaure noti kaɗai ba?

Dattawanmu na Funtua, Bakori, Ƙafur da Malumfashi, don Allah wanda ya taɓa ganin 504 mai ƙofa biyu a yankin nan da idonsa, ya ba mu labari: a wace shekara ce, kuma wane launi gare ta? In akwai mai tsohon hoto a cikin akwati, a taimaka a fito da shi. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka yi wannan zamani.