Daga Makuba zuwa Fenti a Ɗakunan Matan Katagum

Duk wanda ya yi nazarin tarihin ƙasar Katagum, tun daga zamanin da Malam Zaki ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har zuwa 1916 da aka mayar da gadon sarauta Azare, galibi abin da zai tarar shi ne labarin yaƙe-yaƙe da nasabar sarakuna, alhali kuwa akwai wani tarihin da alƙalami bai kula da shi ba, wanda yake ƙunshe cikin ɗakunan mata. A da, ɗakin amarya bai wuce gadon kara ko na ƙasa ba, da tabarma, da jeren ƙorai da akussa. Amma adonsa yana hannun mai shi, domin mata ne ke taruwa su yi daɓe, su yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi tauri ta ɗauki sheƙi, sa'an nan a shafe bango da farar ƙasa duk gabatowar salla.

Daga baya gadon ƙarfe mai rumfa da kwanukan jere suka zo suka ci zamaninsu. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1975 da kafa Jihar Bauchi a 1976, sai kasuwar kafintoci ta buɗe, iyaye suka koma neman gado da kabad masu fuskar fomika. Ita fomika asalinta takarda ce da ake jiƙawa da wani irin ƙaro a matse da zafi, kuma a Cincinnati ta Amurka aka kafa kamfaninta a 1913, don kayan lantarki; allon garin katako kuwa, wanda ake manna ta a kansa, a Jamus ya bunƙasa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda ƙarancin itace. Ba abin mamaki ba ne da ya sami karɓuwa a ƙasa irin tamu, wadda katakon kirki sai an yi masa dako daga kurmi.

Sai dai kowane sauƙi da illarsa. Allon nan ba ya shiri da ruwa, da ya sha laimar damina sai ya kumbura ya fara zubar da gari. Fuskarsa kuma santsi gare ta, fenti ba ya kama ta haka kawai. Na shaida wannan a gidan gwaggona a Azare, wadda ta shafa wa kabad ɗinta fenti ana jajibirin salla, kafin mako ya zagayo ya ɗaye tamkar saɓar maciji. Ba ta yi fushi ba, Allah Ya jiƙanta. Ta fitar da shi inuwar darbejiya, ta wanke maiƙon jikinsa da tsumma mai ɗan danshi, ta bi shi da samfefa a hankali har ƙyallin ya mutu ba tare da ta huda fatar ba, ta cike ɓalgacewar gefe da garin katako da gam, sa'an nan ta yi shafin farko siriri, ta bar shi ya kwana, tana tsaron kada iska ta watsa masa ƙura. Da aka mayar da shi ɗaki ranar ta uku, sai ta sa aka ɗora ƙafafunsa bisa bulo huɗu saboda ruwan wankin ɗaki, ta jera kwanukan aurenta a ciki.