Bindigar Toka da Bindiga Mai Sakata

Mu mutanen ƙasar Maska da Malumfashi mun tashi mun tarad da bindigar toka a hannun maharbanmu, wadda a ke ɗura wa albarushi da dalma ta baka. Ko da maharbi ya gwanance, in nama ya yi nisa ya kan kuskure. Dalili kuwa, in ya ja kunama, sai ƙanƙara ta ƙyasta, tartsatsi ya kama albarushin waje, sa'an nan wuta ta ratsa ciki. A ɗan jinkirin nan hannu ya kan motsa, bara ta ɓaci. Cikinta kuma sumul ya ke, dalma na tafe tana kaɗawa, awon albarushi kuwa na yau dabam, na gobe dabam.

Turawa suka bi wata hanya. A 1871 sojan Ingila suka karɓi Martini-Henry, wadda a ke sa wa harsashi ta baya, ɗaya ɗaya. A 1895 aka fito da Lee-Enfield mai sakata, mai cin harsashi 10. Sakatar nan ita ke danne harsashi daram a mazauni guda kowane harbi, ƙusa ta sare shi nan take, tsagar da ke cikin bututu ta murza shi ya fita yana juyi, ya miƙe sak.

Sun kuwa san abin da suka riƙe, gama a 1890 suka ƙulla yarjejeniya a Birasal, suka hana sayar wa mutanen ƙasashenmu irin waɗannan, sai mai ƙanƙara kaɗai. Aka ga sakamako cikin Fabrairu 1903 a Kwatarkwashi, bisa hanyar Funtuwa zuwa Gusau, inda sojan da ba su kai 50 ba suka tare dawakin Kano, har Waziri Ahmadu ya faɗi. Jarumtaka ba ta gaza ba ran nan, makami ne ya gaza. Katsina ta bi ba yaƙi cikin shekaran nan.

To, jama'a, abin da ya sa muka tono wannan, cikin shekarun nan manoman Faskari da Sabuwa sun yi ta tsaron ƙauyukansu da ƙirar maƙera, ɓarayin daji kuwa na riƙe da AK-47. Tsaron talaka nauyi ne bisa hukuma, kada a bar shi ga bindigar toka. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.